Tsanin Ƙuri'a da Wankin Banɗaki

Akwai wata ɗaliba a garin Matsue mai suna Chizuru, wadda ko gaisuwa ka miƙa mata sai ta juya ta ta duba ƙarƙashinta. Wata Litinin bayan abincin rana aka jiyo muryarta tun daga matakala.

"Sau uku, Nagisa. Mako uku a jere ni ce mai wankin banɗaki, ke kuwa ko silifas ɗin wurin ba ki taɓa sawa ba."

"Ai ke kika zaɓi layinki da hannunki."

"Ke kuma kika zana tsanin da naki hannun."

Nagisa ce shugabar rukuninsu na shara, su shida. Duk Litinin takan zana tsanin ƙuri'a: layi shida a tsaye, aiki ɗaya a ƙarƙashin kowanne, sai ƙananan sanduna a kwance suna haɗa layukan. Ta naɗe takardar, kawunan layukan kaɗai ke waje. Da safe kowa ya rubuta sunansa a kan layi guda. Da rana a buɗe, ka gangara da yatsa, duk sandar da ka tarar ka bi ta zuwa layin kusa, har ka faɗa kan rabonka.

Chizuru ta matse murya, ta langaɓe kai irin na Nagisa, ta ce wai, "Kowa ya zaɓa, ni ba ruwana." Aji ya kwashe da dariya. Nagisa dai ba ta yi ba. Kunnuwanta sun yi jajur, ta ce in aka kama ta da maguɗi za ta ajiye shugabancin, ta wanke banɗakin ita kaɗai har ƙarshen zango. Ba ma wankin ne abin tsoro ba. A ajin nan duk wanda aka laƙaba wa sunan macuci, shi kaɗai yake cin abincinsa.

Ana haka sai ga Malam Kuramochi, malamin lissafi kuma uban ajin, mutumin da ba ya fara magana sai ya tura tabarau da ɗan yatsa ya ce, "To, to, to." A makon ne ya ba su jerin kalmomin awon siffofi da na lissafin yiwuwa, su haddace kafin gwajin Juma'a. Da ya ji ƙarar, sai ya miƙa wa Chizuru alli, ya ce zai saurare ta, amma da kalmomin jerin nan kaɗai za ta yi zargin.

Ta karɓa tana murmushin mugunta. Ta ce sakamakon da ka iya fitowa shida ne, banɗaki ɗaya daga ciki, saboda haka yiwuwarsa ɗaya bisa shida. Mako uku a jere kuwa, shida sau shida sau shida: ɗaya cikin ɗari biyu da sha shida. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin amsar, ta waiwayo ta ƙura wa Nagisa ido.

Har waɗanda ke zaune kusa da Nagisa suka ɗan ja kujerunsu.

Malam ya ce lissafin ya fita, amma abu mai wuyar faruwa daban, abin da ba ya faruwa daban. Ya tambaya ko tsofaffin takardun na nan. Suna nan kuwa, don Nagisa ko takardar alewa sai ta ninke ta adana.

Aka manna ukun a allo. Ya sa ajin su riƙa faɗa da baki: layukan tsaye, kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, ba sa haɗuwa har abada. Sandunan kwance, kowacce ta yanki layi a kusurwa mai digiri casa'in, don da rula mai siffar alwatika Nagisa ke zane. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana awo. A takarda ta biyu ya tsaya.

"To, to, to. Wannan sandar fa, mace ce ko namiji?"

Wata sanda ce karkatacciya, kusurwarta a tsuke, ta yi kamar mai gudun ruwan sama. A takarda ta uku ma ga 'yar'uwarta.

Yanzu bari in gaya muku abin da na ɓoye. Makon farko sa'a ce kawai ta juya wa Chizuru baya. Amma ita tun daga nan ta yanke cewa shiri ne. Don haka Litinin biyu a jere, lokacin da aji ya fita motsa jiki, takan dawo wai ta manta hula, ta ɗaga gefen naɗin kaɗan, ta ƙara sanda ɗaya da fensirinta cikin sauri don ta rushe makircin.

Malam ya rufe karkatacciyar sandar da babban yatsa, ya ce Nagisa ta sake bin layin Chizuru. Mako na biyu: ban ruwan furanni. Mako na uku: goge allo.

Bai tambayi wanda ya zana ba. Bai buƙata ba, don allin da ke hannun Chizuru ya riga ya karye biyu.

Ta fito gaban aji, ta rusuna ƙasa sosai, ta daɗe ba ta ɗago ba. Ta ba Nagisa haƙuri, ta ce wankin zangon da Nagisa ta yi alkawari ita Chizuru ya kamata ya hau. Nagisa ta ce a bar shi a mako ɗaya, za ta ma ara mata rula. Kujerun da aka ja suka koma wurinsu a hankali.

Da za a fita shara, Malam ya tambayi Chizuru ko yanzu zuciyarta ta kwanta.

Chizuru ta ɗauki bokiti, ta dubi fensirinta da ke kan tebur ta gefen ido, ta ce, "Ta kwanta, Malam. Amma wa ya san ko da bakin wannan a ciki?"

Darasi: Kafin ka nuna wani da yatsa, fara duba abin da hannunka ya zana. Zato kan sa mutum ya haƙa ramin da yake gudu, kuma rashin sa'a ba hujja ba ce ta ɓata sunan wani. Ku tura wa abokin nan naku da kullum yake ganin an haɗa masa baki.