Ƙofar da Ta Daina Kuka

Akwai wani mai shagon kayan gini, mutum mai son gyara, amma sauraro ba ya cikin halinsa. Kafin ka kai aya, ya riga ya ɗauko sukudireba.

Mahaifinsa ya tsufa har mantuwa ta kama shi. Sai ya zura takalmi ya ce zai tafi aiki, aikin da ya bari tun tuni. In an kulle ƙofa kuma ya yi ta kuka kamar yaro. Autar gidan ce ke kula da shi ita kaɗai.

Ran nan mai shago ya zo gaisuwa. Yana tura ƙofar waje, ta yi ƙara mai tsinka kunne.

"Haba Auta! Ina sayar da maganin abu, ƙofar gidanmu na kuka haka?"

Ya koma mota ya ɗauko gwangwanin man feshi.

"Yaya, don Allah bar ta. Ai wannan kukan..."

"Ke dai miƙo tsumma. Wannan ba baƙin mai ba ne mai tara ƙura. Nan take yake bushewa, ko riga ba ya ɓatawa."

Ya goge ƙarafan da ƙofar ke juyawa a kai, ya fesa, ya gwada. Shiru. Baba na kan tabarma yana ta sa masa albarka. Auta ta sake buɗe baki, amma Yaya ya riga ya tayar da mota.

Washegari da rana Auta ta kira shi a waya.

"Yaya, ina wanki a bayan gida, na fito babu Baba, babu takalminsa. Kukan ƙofar nan shi ne kunnena. Da shi nake sanin ya fita."

Babu inda ba su duba ba: asibitoci, tashoshi, har tsohon wurin aikinsa. Har yau babu labari.

Wata rana Auta ta tarar da yayanta durƙushe a bakin ƙofa da ruwa da sabulu, yana dirzar ƙarafan, hawaye na zuba. So yake kukan ya dawo. Ya tura ƙofar, ya jawo, ya sake turawa.

Ko motsinta ba a ji. Man dai mai kyau ne, bai yi ƙarya ba.

Darasi: Kafin ka gyara abu a gida, tambayi wanda ke zaune da shi, kuma ka bari ya gama magana. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu kula da tsofaffi.