Ƙadangare Bai Ga Bakin Tabita Ba

Akwai wani manomi da Allah ya ba shi 'ya, ya sa mata suna Tabita. Haƙoranta suka yi ta fitowa, amma biyu na ƙasa suka ƙi. Aka yaye ta, ta soma gudu a tsakar gida, giɓin yana nan.

Wata rana a bakin rijiya, mata sun cika, yayar manomin ta dubi uwar yarinyar ta ce, "Ke kika shimfiɗe ta a gindin katanga baki buɗe, har ƙadangare ya leƙa dasashinta, shi ya sa haƙoran suka ƙi fitowa. Sakarci!" Mata suka kwashe da dariya. Tun daga ranar, uwar Tabita ba ta zuwa ɗiban ruwa sai rana ta take, lokacin da babu kowa.

Abin ya ci wa manomin rai. Ya ɗora Tabita a keke, ya kai ta wurin likitan haƙori a birni. Likita ya ɗauki hoton bakin, ya duba, ya ce, "Waɗannan biyun tun a ciki ba a halitta su ba. Akan haifi yara haka. Ba laifin kowa ba ne. Ku riƙa kawo ta muna dubawa."

Kai! Manomi ya taka keke kamar zai tashi sama. Tun daga bakin gari yake kaɗa ƙararrawa yana ihu, "Ba ƙadangare ba ne! Ba ƙadangare ba ne!" Tabita tana baya tana ta dariya, giɓi a waje.

Yayarsa ta tare shi a zaure, ta rage murya. "To, shi ke nan, ka ce wa matarka ta yi haƙuri."

Ya ce, "A'a, Yaya. A rijiya kika faɗa, a rijiya za ki janye."

Washegari kuwa ta janye a gaban mata. Uwar Tabita ce ta fara zura guga.

Ma'anar wannan misali ita ce: yaron da ya zo da giɓi, haka Mahaliccinsa ya yi shi, kuma bai yi kuskure ba. Amma ku da kuka ɗora wa wata uwa laifi a bainar jama'a, kada ku zo da raɗa a bayan ɗaki ku ce kun tuba. Ku koma wurin da kuka faɗa, da muryar da kuka faɗa, ku wanke ta. Tana nan tana ɗiban ruwa cikin rana saboda ku.