Dila da Bindigar da Ba Ta Cin Gari

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Shekarar da ruwa ya makara, Kura ta kama Dila a bakin tafki. Ta juya shi, ta shinshina, duk ƙashi.

Dila ya ce, "Yaya Kura, in kin ci ni tsinke kika ci. Bar ni zuwa hantsi, in ba ki ɓauna."

Kura ta ce, "Hantsi. In ba ɓauna, kai ne ɓauna."

Dila ya ruga wurin Baba Kunkuru, tsohon maharbi, mai wata bindigar toka da bakinta zai haɗiye ƙwan zabo. Ya tarar da shi yana tankaɗen albarushi. Mai laushi yana sauka cikin ƙwarya, baƙi sumul kamar kwalli, mai tsaki yana tsayawa a kan rariya.

Kunkuru ya ara masa bindiga, ya ƙunsa masa mai tsaki.

Dila ya ce, "Haba Baba, na kaji za ka ba ni?"

Kunkuru ya ce, "Babbar bindiga tsaki take ci, ɗan nan. Shi ke cin wuta a hankali, yana tura dalma har ta fita. Mai laushi na kunnen bindiga ne, ɗan tsunkule don wuta ta kama. In ka cika mata ciki da shi, tashi ɗaya zai yi, kafin dalma ta motsa ƙarfe ya tsage. Yatsa huɗu, kar ka ƙara."

Dila ya ce to. Amma tun da aka haife shi ya san gari na maigida ne, tsaki na kaji. Ya ce a ransa, rowa ce irin ta tsofaffi. Kunkuru na mai da kai cikin ƙoƙon bayansa don gyangyaɗi, Dila ya ajiye ƙunshin, ya sure ƙwaryar.

A bakin tafki ya ɗura. Yatsa huɗu, ya ƙara biyu. Ya tusa tsumma, ya jefa dalma, ya danna, ya danna. Ya kishingiɗa ya kunna lofen tabarsa.

Tururi na tashi daga ruwa. Dila ya lumshe ido, sai ga ɓauna tana tafiya a kan iska, kitse na ɗiga daga gajimare, kilishi shanye a kan ciyawa har gaɓar yamma. Ya miƙa hannu zai yago, lofe ya karkace, tartsatsi ya faɗa kan ɗan garin albarushin da ya zube a dutse.

Fat! Gashin baki ya tafi.

Dila ya dubi dutse, ya dubi bindiga. Ɗan tsunkule ke nan. Can ciki kuwa yatsa shida.

Sai ga hantsi, sai ga ɓauna ta gaske ta sauko shan ruwa, sai ga Kura a bayansa.

Kura ta ce, "Harba."

Dila ya ɗaga bindiga, ya sauke. Ya ce, "Yaya Kura, kar ki ce ban faɗa ba. A al'adar maharba, wanda ya harba shi ke da hanta da kitse."

Kura ta ce, "Kai ka ci hanta, ni ina kallo? Kawo nan, ɗan ƙwal uba."

Dila ya miƙa mata, ya ce, "To bari in zaga bayan suri, in tare ta in ta gudu."

Dila ya kwanta bayan suri, ya toshe kunnuwa.

Daram!

Bakin bindiga ya buɗe kamar furen kabewa. Kura ta tashi sama cikin farin hayaƙi, tana juyawa a hankali, ta wuce kan giginya, ta ƙetare tafki, ta yi ta tafiya har ta koma kamar ƙuda. Dalma kuwa ta gangara ta tsaya a gaban ɓauna. Ɓauna ta shinshina ta, ta ci gaba da shan ruwa.

Dila ya karkaɗe jiki, ya shafa inda gashin baki yake a da, ya kama hanyar da ba ta bi ta ƙofar Kunkuru ba.

Ƙurunƙus kan ɗan tsako. Yara, in za ku ƙi jin maganar tsoho, ku nemi wani babba ya riƙe muku bindigar.