Hasken da ke Huhun Ɓera

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun ba yau ba, ana kiransa Haladu. Aikinsa ɗaukar hoton ɓeraye a ɗakin binciken ciwon daji. Ana sa wa fararen ɓeraye ciwon dajin nono, an haɗa shi da wani sinadari mai haske. Haladu ya sa su barci, ya kwantar da su cikin akwati mai duhu, kyamara ta ɗauka. Duk inda ciwon ya kai, wurin sai ya yi haske. Abokan aiki na tsokanarsa da makiyayin ɓeraye, shi kuwa sai dai ya yi dariya.

To, ku saurara. Shugabansu, Farfesa Maikano, ya haɗa wani magani. Aka ba ɓeraye, ƙullutun nono ya motse, aka yi ta murna. Amma da Haladu ya ɗauki hoton jiki gaba ɗaya, sai ga haske a huhu, ga haske a hanta, ga haske a ƙashin baya. Ciwon bai mutu ba, ƙaura ya yi.

Kowa a ɗakin ya gani. Ina maimaitawa, kowa ya gani.

Farfesa ya ce, "Haladu, datse hoton. Nono kawai za mu nuna."

"Ranka ya daɗe, huhun ma na ɓeran ne."

"Kai za ka koya mini aiki?"

"A'a, ranka ya daɗe. Amma mata za su sha wannan abu. Hannuna ba zai iya ba."

Abokan aiki suka ja shi gefe. "Haba Haladu, sa'an mahaifinka ne fa! Babba ba a kunyata shi. Rufa masa asiri." Ya ƙi. Aka sallame shi, wani ya datse hoton kafin la'asar. Haladu ya bi ofis-ofis yana faɗa, ko'ina a ce masa ya yi haƙuri.

Maganin ya fita, rediyo ta ɗauka. Yayarsa Kubura, wadda ta goya shi, tana da ƙullutu a nono. Ta bar asibiti ta koma wa maganin. Ya durƙusa gabanta.

"Yaya, don Allah ki koma wajen likita. Na ga abin da yake yi da idona."

Ta yi dariya. "Auta, ni ɓera ce? Ga shi ya motse. Haushin kora ne ke damunka."

Bayan damina ta fara tari. Sai ciwon baya. Haladu bai buƙaci kyamara ba, ya san wuraren ɗaya bayan ɗaya. Shi ya riƙa ɗaga ta yana kwantarwa har ta cika.

Ranar ta'aziyya abokan aikin nan suka zo, suka zauna kan tabarmarsa suka ce, "Kwana ne ya ƙare." Ya karɓi gaisuwarsu, har ruwa ya kawo musu.

Jama'a, kwana na hannun Allah, amma hoton nan hannun mutum ne ya datse shi. Haladu ya rasa aiki, ya rasa yaya, bai rasa amana ba. Mu fa? Mun mai da shiru ladabi, mun mai da tsoro girmama manya. A ofis, a asibiti, a makaranta, kullum muna ganin hasken, muna sunkuyar da kai. Girmama babba bai kai ran mutum ba. Wanda ya ga ƙarya ya yi gum, ba mai kunya ba ne, abokin tarayya ne, kuma za a tambaye shi. Gobe idan aka ce ka datse, ka tuna akwai wata Kubura da za ta sha, wataƙila a gidanku take.