Dalilin da Ya Sa Gishiri Ba Ya Shiga Sai da Sukari

Babu Nomau a gidan nan. Damina shida ke nan da na rasa shi, ɗana guda ɗaya, yana ɗan shekara huɗu. Takalminsa na roba yana nan ƙarƙashin gadona.

Yau kuma ga Tasalla, autar ƙanena, kwance a kan tabarmata. Tun safe take amai da gudawa, idanunta sun faɗa, tana kuka babu hawaye. Ruwan jiya ya cinye hanyar asibiti, ubanta ya tafi neman mai babur da zai zagaya da ita da uwarta ta gada. Aikinmu mu riƙe ta har ya dawo.

Na tafasa ruwa lita ɗaya, ya huce, na zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri. Da na fara zuba sukari, cokali shida, sai yayarta Kuluwa ta riƙe mini hannu, yayansu Sallau na tsugune a kanta.

"Gwaggo, kashe ta za ki yi? Ai zaƙi basir yake kawowa, kowa ya sani."

"Ni ma haka na sani a da," na ce. "Karɓi cokalin, ki riƙa ɗiga mata kaɗan-kaɗan. Kai kuma Sallau, janye ƙaton kanka, ka tare mata iska. Zan gaya muku dalilin da ya sa Gishiri ba ya shiga sai da Sukari."

Jikin mutum gari ne, cike da 'yan ɗakuna ƙanana waɗanda ido ba ya gani. Masu asibiti suna ce musu ƙwayoyin halitta. To, a can farko ɗakunan nan ba su da bango, ba su da ƙofa. Kamar rumfar kasuwa suke, kowa ya shiga, kowa ya fita.

A garin akwai Gishiri, mai girman kai, wanda kullum maganarsa ita ce, "Miyar wa ta taɓa daɗi ba ni?" Akwai kuma Ruwa, baransa. Shi Ruwa ba shi da ra'ayin kansa. Inda Gishiri ya sa ƙafa, nan yake sa tasa.

Wata rana Gishiri ya gayyato danginsa kaf, suka cika ɗakunan. Ruwa ya bi su, ya yi ta shiga, ɗakuna suka kumbura, wasu suka fashe kamar ruɓaɓɓen tumatir. Da aka yi wa Gishiri magana sai ya yi fushi, ya kwashe danginsa ya fice. Ruwa ya bi shi. Ɗakunan da suka rage suka yamushe kamar kauɗa.

Sai ɗakunan suka ce wannan zama ba zai yiwu ba, a nemo mai gadi. Aka kawo Tantani.

Sallau ya ce, "Wane ne kuma Tantani?"

"Kai da kake satar mini dafaffen ƙwai? In ka ɓare ɓawon, ba ka ganin wata 'yar fata sharara a manne? To, irinta ne, sai dai shi ya fi ta sirantaka nesa ba kusa ba."

Da Gishiri ya gan shi sai ya bushe da dariya. "Wannan ne mai gadin? In na yi atishawa ai ya yage!"

Tantani ya shafe jikinsa da mai, ya lulluɓe kowane ɗaki, ya yi babbar ƙofa domin abinci. Gishiri kuwa aka bar masa 'yan kafofi ta baya, ya riƙa shiga ɗaya-ɗaya. "Babbar ƙofa dai ba taka ba ce," in ji Tantani. "Na ji abin da ka yi."

Aka zauna lafiya shekara da shekaru, har ranar da Gudawa ta shigo gari ta hanyar hanji. Ta toshe kafofin bayan nan duka, ta tasa Ruwa a gaba, ta yi ta kora shi waje. Ɗakuna suka fara kukan ƙishirwa. Mai jikin ya sha, Ruwa ya gangaro, ya zo daidai ƙofa, ya wuce.

Tantani ya ce, "Ruwa, don girman Allah ka shigo, ana mutuwa a ciki."

Ruwa ya ce, "Maigidana yana ciki?"

"Ba ya ciki."

"To, sai an jima."

Gishiri yana tsaye a bakin hanya, ya harɗe hannu. "Ina mai gadi? Buɗe mana, ranka ya daɗe!"

Tantani ya rasa ta yi. In ya buɗe, Gishiri zai danno da danginsa a fashe. In bai buɗe ba, a bushe. Ga shi kuma, duk lokacin da dangin Gishiri suka ƙara taruwa a waje, ɗan Ruwan da ya rage a ciki sai ya sulale ya tafi wajensu.

A nan na karɓi cokalin daga hannun Kuluwa, na ba Tasalla da kaina, sannan na ci gaba.

Kwana uku ana haka. Ɗakuna suna mutuwa unguwa-unguwa. Sai ga Sukari, wanda kullum ake buɗe wa babbar ƙofa, domin shi abinci ne. Ya ce, "Tantani, ni zan tsaya masa. Ka buɗe, in riƙo hannunsa mu shiga tare. Wanda ban riƙo ba, kada ka bar shi."

Gishiri ya ɓata fuska. "Ni za a riƙe wa hannu kamar mai koyon tafiya?"

"To, ka tabbata a titi," in ji Sukari, "Gudawa ta share ka tare da baranka."

Gishiri ya miƙa hannu. Ƙofa ta buɗe, suka shiga, Ruwa ya bi bayansu da gudu. Ɗakunan da ke da sauran numfashi suka farfaɗo. Waɗanda suka riga suka mutu ba su tashi ba.

Shi ya sa har yau, in Gudawa ta shiga gari, ƙofar nan ɗaya take saura, kuma ba ta buɗe wa Gishiri sai ta ga hannunsa a hannun Sukari.

Sai Kuluwa ta ce, "Gwaggo, shi Yaya Nomau ba a ba shi ba ne?"

Ban ɓoye musu ba. An gaya mini ruwan gishiri da sukari tun a wajen awo. Amma na taso ina jin zaƙi cuta ne ga mai ciwon ciki, sai na ce bari in fi su dabara. Na cire sukarin, na cika gishirin, wai don ya fi ƙarfi. Ina ba shi, yana yamushewa a hannuna. Sai da ya daina kirana muka ɗauke shi, muka isa asibiti da abin da ba ya jin magani.

Bayan sadakar bakwai na koma wajen Malama Rifkatu, mai jinyar da ta karɓe mu, na ce ta gaya mini gaskiya. Ba ta zage ni ba. Ta zana mini ɗan ɗaki a bayan kati, da tantaninsa, da ƙofarsa. Ni a aji uku na tsaya, sunayen da ta faɗa ba su zauna mini ba. Sai na mayar da su tatsuniya, don ita ba a mantawa.

Muna nan har la'asar. Kofi ya ƙare, na sake cikawa. Sai Sallau ya ce, "Gwaggo, dubi, tana hawaye!" Na duba, ga su kuwa, biyu, suna gangarowa kunnenta. Ba a jima ba muka ji ƙarar babur. Sun tafi da ita, uwarta riƙe da gorar ruwan da cokalin. Har yanzu ba mu ji labari ba.

Ni dai na shiga ɗaki, na jawo takalmin nan na kakkaɓe masa ƙura.

Ya Allah, ka dawo mana da Tasalla da ƙafarta. Ka sa Nomau ya zama mai cetona, ka yafe mini cokali shidan da na hana shi. Duk wanda wannan labari ya iske, don Allah ya taya ni da amin.