Dariyar da Seiken Ya Saya a Tokyo

Akwai wani mawaƙi a garin Koza na tsibirin Okinawa a ƙasar Japan, sunansa Seiken Nakamine. Allah ya yi masa murya, irin wadda idan ya ɗaga ta, mai wanke-wanke ma sai ta tsaya da soso a hannu. Amma ya haɗa masa da kaifin baki, kuma bakin nan ne ya yanka masa wuya.

Seiken ya tashi kamar maraya. Uwarsa tana wanki a barikin sojan Amurka, ubansa kuwa sai a yi wata ba a ga ƙeyarsa ba. Gidan abokinsa Koyu ne ya riƙe shi. Mahaifiyar Koyu, Inna Makato, tana sayar da farfesun akuya a bakin kasuwa. Kullum kwano biyu take zubawa, kuma na Seiken ya fi nama.

A ɗakin ajiyar bayan shagon nan suka kafa ƙungiyarsu, su huɗu, suka raɗa mata Ɓerayen Kasuwa. Tsofaffin fayafayan da sojoji suka zubar suke tsintowa, wasu na kiɗan rege mai tafiyar hawainiya, wasu na pank mai gudu da ihu. Koyu ne ya saurara ya saurara, ya ce, "Kai, mu ɗaura wa waɗannan biyun aure mana."

Haka aka yi. Waƙa takan fara kamar an saki karnuka, sai Koyu ya ja ta da jitar bas ɗinsa, ta lafa, jama'a su shiga rausaya. Da harshen tsibiri suke rerawa, a kan rugugin jiragen yaƙi, da matan kasuwa, da samarin da suka rasa aiki. Kafin a ce me, babu motar haya a Okinawa da ba a jin muryar Seiken a cikinta.

Sai Tokyo ta yi kira.

Can kan Seiken ya fara girma. Ya sauya sutura, ya sauya harshe, har ya fara jin nauyin a gan shi da Koyu, wanda har yanzu da silifa yake yawo, yana magana a hankali irin ta mutanen gida.

Wata rana aka gayyace su wani babban shirin talabijin da duk ƙasa ke kallo kai tsaye. Mai gabatarwa ya tambayi Koyu yadda suka fara. Koyu ya soma ba da amsa, harshen tsibiri yana kuɓuce masa, sai wasu a cikin 'yan kallo suka ƙyalƙyale.

Maimakon Seiken ya rufa wa ɗan'uwansa asiri, sai ya ga kasuwa ta buɗe. Ya karkace baki ya kwaikwayi maganar Koyu. Aka yi dariya. Ya ji daɗi, ya ƙara. Ya toshe hanci ya ce, "Ku yi masa uzuri, a cikin tukunyar akuya aka haife shi. Uwarsa ma in ta yi magana, ba ka rabe ta da abin da take dafawa." Har kukan akuya ya yi musu.

Ɗakin ya ɗauki tafi. Koyu ya yi ɗan murmushi, ya sunkuyar da kai.

Washegari ya ɗauki jitarsa ya hau jirgin ruwa zuwa gida. Bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wajen kowa ba.

Seiken ya ce, "Masu kaɗa bas sun fi yashi yawa a Tokyo." Ya ɗauko wani, ya sake wani. Duk gwanaye ne, amma kiɗan ya zama gudu zalla, babu wurin hutawa. Sauran biyun suka zare jiki. Sannu a hankali Tokyo ta sami sabon abin wasa. Seiken ya koma rera tallan lemo da man wanke kai, kunya kuma ta hana shi taka Koza. Ko da labarin rasuwar Inna Makato ya iske shi, ya kasa zuwa gaisuwa.

Bayan shekara ashirin da wani abu, matasan makaɗan Okinawa suka shirya bikin tunawa da Ɓerayen Kasuwa. Yawancinsu da waƙoƙin ƙungiyar suka koyi kiɗa, wasu ma a ɗakin ajiyar nan, don Koyu bai taɓa rufe shi ba. Suka kira Seiken suka ce, "Baba, muna so ka zo. Amma jama'a sun ce sai ku biyu, kai da Koyu."

Dama ce da ya daɗe yana nema. Ya yi ta maza ya taho.

Ya tarar da shagon a kulle. Lokacin ziyarar kaburbura ne, sa'ad da dangi ke shimfiɗa tabarmi a gaban makwancin iyayensu, su ci abinci tare. Maƙwabta suka nuna masa tudun da kabarin Inna Makato yake.

Rana tsaka ya isa, gumi ya jiƙa masa riga. Yara na guje-guje, manya na zaune da akwatunan abinci. Koyu ne ya fara hango shi. Shi Koyun ya yi furfura, ya yi tumbi.

"Kai! Wa nake gani kamar ɗan Tokyo?" in ji shi. "Ina gashin ya tafi? Ko man wanke kan da kake talla ne ya cinye shi? Zo zauna, ɗan banza, ka sha hanya."

Seiken ya ƙaraso. Ya durƙusa a gefen tabarma.

Hatsue, yayar Koyu, ba ta yi dariya ba. Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube shi.

"Seiken, ka san a ina muka kalli shirin nan?"

"Yaya, bar maganar nan," in ji Koyu.

"Ba zan bari ba. Kai ka haɗiye taka, ni tawa tana nan a maƙogwaro." Ta juyo. "A shago muka kalla. Inna ta aro babbar talabijin, ta gayyato duk 'yan kasuwa, ta dafa akuya guda kyauta. Ta sa rigarta ta biki. Duk wanda ya shigo sai ta ce masa, 'Yau 'ya'yana biyu za a nuna.' Biyu ta ce, ka ji ko?"

Seiken ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Da ka yi kukan akuyar nan, wurin ya yi tsit. Kowa ya dubi kwanonsa. Ka san abin da ta ce? Ta matsa kusa da talabijin ta ƙura maka ido, ta ce, 'Yaron nan ya rame. Ba sa ba shi abinci ne a can?' Sannan ta shige kicin ta rufo ƙofa. Ni na ji kukanta. Har ta koma ga Mahaliccinta ba ta yarda an zage ka a gabanta ba."

Seiken ya rarrafa zuwa bakin kabarin, ya kifa goshinsa a kan dutse. "Inna," ya ce. Daga nan sai ya fashe da kuka. Yara suka daina wasa suna kallonsa.

Koyu ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya dafa shi.

"Na san abin da ya kawo ka, yaran sun gaya mini. Zan kaɗa. Ni na daɗe da yafewa, riƙon ya yi mini nauyi. Amma nata hakkin ba ni da ikon yafe shi, ka yi latti."

An yi bikin a bakin teku, jama'a suka cika maƙil. Kafin waƙar farko, Seiken ya karɓi lasifika ya ce, "Wannan kiɗan ba nawa ba ne. Ga mai shi nan, kuma a shagon mahaifiyarsa aka haife shi." Bai iya ɗaga ido ya dubi 'yan kasuwan da ke sahun gaba ba.

Yanzu a Koza yake zaune. Koyu ya yafe. Hatsue tana amsa gaisuwarsa, daga nan ba ƙari. Wadda ya fi so ya roƙa kuwa, ba ta nan.

Darasi: Kada ka sayi tafin baƙi da mutuncin waɗanda suka ciyar da kai. Magana zarar bunu ce, kuma neman gafara yana da lokaci, don kabari ba ya amsa "yi haƙuri". Idan akwai wanda ka ɓata wa rai yana raye, je ka same shi yau. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila wani ya farga tun bai makara ba.