Muryar Kulu a Kwandon Shara

Ku gyara zama. Wannan ba na zamanin Gizo ba ne, a Malumfashi aka yi shi, kuma in akwai ƙarya a ciki, ba ta wuce gishirin miya ba.

Malam Bawale, tsohon hedimasta, yana da wata kwamfuta da in ka kunna ta da hantsi, sai ka je kasuwa ka dawo ka tarar tana miƙa. Da ta daina buɗe kiran bidiyo, jikokinsa na Fatakwal suka daina ganin gemunsa, sai 'ya'yansa uku suka taru a sa mata sabuwar manhaja, wato a share ƙwaƙwalwarta kaf a zuba wata.

Akwai abin da ba su sani ba. Mahaifiyarsu Kulu, tun ranar aure har ta koma ga Allah, ba ta taɓa kama sunan mijinta ba. Daga "Malam" sai "ka ji". Sai wata rana yana gwada makirufo, ba ta san ana ɗauka ba, ta ce, "Bawale, shayinka zai huce," ta fashe da dariyar kunya. Wannan muryar yake kunnawa in gida ya yi shiru.

Tasi'u, auta, shi ne gwanin na'ura. Ya ce, "Baba, komai zai goge fa. Akwai abin da kake so?"

Dattijo ya dubi bango ya ce, "Me zan so? Tarkace ne." Yaya za a yi ya ce wa 'ya'yan cikinsa muryar uwarsu yake saurare?

Tasi'u ya ɗaga yatsa zai danna, sai Lantana, ta tsakiya, ta riƙe masa hannu. Ta ga uban yana shafa murfin kwamfutar kamar goshin majinyaci. Ta ce, "Dakata, auta. Irin wannan 'tarkace ne' ya ce ranar da za mu ba da zannuwan Inna, ya yini bai ci abinci ba." Ba don ita ba, da an gama.

Aka kwashe komai cikin filashi, 'yar ma'ajiyar da ake jonawa a kwamfuta, aka bincika: jarrabawar 'yan aji shida da hotunan rago. Tasi'u ya ce, "Kin gani?" Sai Ilu, ɗan fari, wanda ko linzamin kwamfuta bai iya riƙewa ba, ya ce, "Wannan abar tana da juji? Baba fa a tsohon takalmi yake ɓoye goronsa. Duba inda ba mai sa hannu." Ashe a kwandon sharar kwamfutar, inda abin da aka goge ke taruwa, Malam yake ajiye muryar don kada jikoki su gani, kwandon kuwa bai biyo filashi ba. Ba don Ilu ba, da sun kwashe ƙaiƙayi sun bar tsaba.

Tasi'u ya ciro ta, ya sa sabuwar manhaja, ita kuwa ta ce ba ta san wannan tsohuwar murya ba, ta ƙi buɗewa. Ya zauna yana gumi, bai saurara ba, bai tambaya ba, har ya juya ta zuwa irin da za ta karɓa. Ba don shi ba, da Kulu na nan amma bebiya.

 Malam Bawale ya jona iyafis, abin sauraro mai kunne biyu, ya sa kunne ɗaya, ya riƙe ɗayan a tafinsa, ya ce, "Sau ɗaya zan iya jure wannan kunyar. Mutum ɗaya ya zo ya ji uwarsa."

To jama'a, tsakanin wadda ta karanta shirunsa, da wanda ya san maɓoyarsa, da wanda ya maido muryar, wa zai sa ɗaya kunnen?